Mariama Mai Kujerar Gaba

A unguwar Utaibiyya, in aka tambayi Mariama sana'arta, takan ce, "Zama." Mai tambaya ya yi ta dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi, don gaskiya ta faɗa. Shekaru da dama aikinta shi ne ta zauna a kujerar gaba ta motar mijinta Hashimu, daga Makka har wani ƙauye can bayan Jumum, ta kuma zauna a dawo.

Hashimu jigilar malamai mata yake yi. A lokacin mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba, malamar da aka tura makarantar ƙauye kuwa dole ta je kullum. Sai su haɗu su bakwai ko takwas su ɗauki hayar ƙaramar bas da direbanta. Amma mazajensu da iyayensu ba sa yarda su yi doguwar tafiya a daji da namijin da ba muharraminsu ba, sai in matarsa tana cikin motar. Saboda haka duk safiya, in Hashimu ya tsaya a ƙofar gida ya danna hon, mijin malamar ko wanta ne zai fara leƙowa. Ba direban yake dubawa ba, kujerar da ke gefensa yake dubawa. In ya hango Mariama cikin abayarta, jaka a cinya, sai ya juya ya ce wa ta ciki ta fito.

'Yar Damagaram ce. Tana ƙarama gwaggonta ta zo da ita aikin hajji, suka zauna a unguwar Jarwal ba su koma ba. Gwaggon tana sayar wa alhazai goro, Mariama ta tashi tana tsince masu tsutsa tana yayyafa wa sauran ruwa. A bakin wannan faifan goron Hashimu ya gan ta. Shi Bakano ne a baki kawai, a Makka aka haife shi, Kano kuwa a labarin mahaifinsa ya san ta. Da takardar zama yake rayuwa, wadda suke kira iƙama, ita ma bayan aure a kansa ta sami tata. Da aka rushe layinsu na Jarwal suka tattara suka koma Utaibiyya. Ɗansu ɗaya, Mukhtaru, ya girma yana aiki a Jidda. Malaman suna kiran Hashimu Abu Mukhtar, ita kuma Ummu Mukhtar. Tana amsawa, amma ba a taɓa jin sunan a bakinta ba, ɗan fari ne. Mijin kuwa Malam take ce masa.

Da an idar da sallar asuba suke fita. Kafin a bar gari yawancin malaman sun jingina da taga sun koma barci, wata tana duba littattafan ɗalibai a cinya. Mariama ba ta runtsawa. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ta san inda raƙuma ke tsallaka titi, da kwanar da yashi ke rufe kwalta in an yi iska, da mahaɗar da tankokin ruwa ke faɗowa ba sallama. Fiye da titin ma, hannun mijinta take kallo. In ta ga babban yatsansa ya saki sitiyari, sai ta kwance jiƙaƙƙen tsumma ta ɓara goro ta miƙa masa. In goro bai yi ba, ta zuba shayi. In shayi ma bai yi ba, sai ta tono faɗa.

"Malam, ni fa har yanzu ban ga abin da Kanawa ke taƙama da shi a kilishi ba."

"Ke kin taɓa cin na Kano?"

"Kai ka taɓa ganin Kanon?"

Shi ke nan, ya wartsake, sai an kai gidan mai ana yi.

Cikin malaman mutum ɗaya ce ke jin Hausa, Raihana, mai koyar da lissafi. Kakanninta Sakkwatawa ne, ita haihuwar Makka ce, Hausarta tana ɗingishi sai ta dafa Larabci. Khala take kiran Mariama, wato inna. Takan yi dariya a bayan niƙabinta ta ce, "Ya Khala, ku biyu kullum mushkila?"

"Ba mushkila ba ce, 'yata. Ƙararrawa ce."

Haka suka yi shekaru, ko madubin motar bai taɓa fashewa ba. Mariama tana alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoyewa. In matan unguwa suka ce ta huta, ana biyanta ladan zama, takan ce su zo su gwada zaman.

Shekarar da abin ya faru, an koma makaranta ana gama aikin hajji. Hashimu ya yi kwanakin Mina yana ɗaukar kayan alhazai ba dare ba rana, kamar yadda ya saba in makarantu suna hutu. Da ya kamata ya huta, sai wani mai masaukin baƙi ya ba shi aikin kai mutane filin jirgin Jidda da yamma. Ya karɓa, ya haɗa da na malamai. Mariama ta yi magana, ya ce na ɗan lokaci ne.

Ta zata za ta sha fama da barcinsa a hanya. Sai ta ga akasin haka. Ta miƙa goro, ya ce ta bar shi. Ta zuba shayi, ya huce a kofi. Mutumin da sai an tsokane shi yake buɗe baki ya koma mai labari tun daga Utaibiyya har ƙauye, labarin da ba kai ba gindi. Idonsa ya bushe ƙyar, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna alhali ba komai a bakinsa. In sun dawo ta ajiye masa shinkafa, ya ɗan taɓa ya ture. Ƙafarsa kuma ta yi nauyi a kan totur.

Wata safiya a gidan mai ta gan shi ta madubin gefe. Ya zaga bayan mota, ya zaro wani abu daga gidan tabarau, ya jefa a baki ya kora da ruwa. Malamai suna ciki, ba wurin magana ba ne. Ta bari sai bayan la'asar, yana sa takalmi zai fita Jidda.

"Malam, me ka haɗiya a gidan mai?"

"Maganin ciwon kai."

"Wane ciwon kai ne maganinsa ke hana mutum cin abinci, ya mai da shi rediyo?"

Ya yi dariya, irin sabuwar dariyar nan da ba ta san shi da ita ba. Ya buɗe gidan tabarau ya nuna mata wata 'yar farar ƙwaya mai zanen jinjirin wata biyu.

"Goron Larabawa ne. Naki goron na tsofaffi ne, Mariama. Wannan ɗaya ta ishe ni wuni."

"Wa ya ba ka?"

"Direbobin Mina. Kowa na yi lokacin aiki."

"Ƙwaya ce ke nan."

"A'uzu billahi! Yadda kika faɗe ta sai ka ce a mashaya kika tsinto ni. Giya na sha? Ni giyar da hannuna ya sani ita ce ta mota, daga ta ɗaya zuwa ta biyar, sai ribas."

"Ba na dariya yau."

Ya zauna a hannun kujera, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce ta saurara. Ya taɓa ɗaukar wani alhaji da ke zaune a Turai, ya ba shi labarin cewa a can ko giyar ma akwai ma'aunin da aka yarda direba ya sha. 'Yan sanda su ba ka wani bututu ka hura, in abin da ke jininka bai kai iyaka ba su ce ka wuce. To in waɗanda ke shan mai bugarwa an yi musu mudu, shi da ya sha mai buɗe ido fa?

"Can ka ce," in ji Mariama. "Nan Makka ce. Mudun nan ba a zuba masa ko ɗigo. Kuma ba su raba ta kwalba da ta haɗiya ba, in kana riƙe da sitiyari. Tijjani ma ai mai buɗe ido ya sha."

Hashimu ya kau da kai. Tijjani abokinsa ne tun suna samari a Jarwal, direban motar ɗaukar kaya. Shekara biyu kafin nan ya bugi bayan wata mota a danja. Ba wanda ya ji rauni, fitila ce kawai ta fashe. Amma jami'in hanya ya kalli idonsa ya ce a kai shi asibiti a ɗebi jini. Daga asibiti bai kwana gida ba. Ya yi zaman kurkuku, aka karɓe lasisinsa, da ya fito aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ya baro yana goye. Matarsa tana nan a ƙasan layinsu, Mariama tana gaishe ta kullum.

"Shi Tijjani fitila ya fasa," ta ce. "Kai 'ya'yan mutane ne a bayanka, suna barci. Saboda sun gan ni a gaba suke barcin."

Ya rufe gidan tabarau. Sannan ya sa ɗaya takalmin ya ce, "In na gama waɗanda ke hannuna, khalas, na daina."

Waɗanda ke hannun nasa ba su ƙare ba. Gidan tabarau ya bar aljihun gaba ya koma wani wurin, gidan mai kuma ya daina zagawa bayan mota, tun a gida yake gamawa. Ita kuwa ba ta bukatar ganin ƙwayar, muƙamuƙinsa ya ishe ta.

Sai ranar tankar ruwa. Suna hawa wani tudu bayan Jumum, tankar tana jan ciki a gabansu, ba a ganin abin da ke zuwa. Shekara da shekaru a nan Hashimu yake bin baya da haƙuri. Ran nan sai ya fita ya taka. Mariama ta ce, "Malam!" Wata farar mota ta ɓullo a kan tudun tana walƙa fitila. Ya ƙara wuta, ya kutsa gaban tankar da ƙyar, iskar farar motar ta girgiza su. Littattafan da ke cinyar Raihana suka watse a ƙasa. Wata malama ta farka tana salati tana tambayar me ya faru. Hashimu ya bugi sitiyari yana dariya.

"Kin ga hannu?"

Ta gani. 

Da suka dawo, a kicin, tana wanke flas, ta auna abin da ke hannunta. In ta zubar da ƙwayoyin zai sayo wasu. In ta ɓoye makulli yana da na biyu. In ta je wa mazajen malaman da magana ta tona asirin mijinta a garin da labari ke riga mota isa, kuma wani cikinsu zai iya kai ƙara, ƙarshenta jirgin Tijjani. In ta yi shiru kuma, ita ce za ta zama shaidar zur a kujerar gaba. Ta kife flas ɗin a kan kwando. Abu ɗaya ne nata a motar nan wanda ba shi da na biyunsa.

Washegari bayan asuba ta sa abayarta, ta sauko tare da shi kamar kullum. Ya buɗe mota ya tayar. Ta tsaya ta dube shi a hasken fitilar ƙofa, ta ga idon nan a bushe. Sai ta zauna a kan matakalar gida ta ɗora jaka a cinya.

"Yalla, shigo mana."

"Ba na hawa."

"Ƙafar ce?"

"Ƙafata lafiya lau. Ka sha, ba na hawa."

Ya leƙa layin hagu da dama, ya rage murya. "Mariama, kada ki yi mini haka. Mutane na jira."

"Su jira. Mai jira yana da rai."

"To zauna. Da ke da babu ke, mota da mai take tafiya."

Ya ja ƙofa da ƙarfi ya fita. Ta bi fitilun bayansa da kallo har ya sha kwana. Ba ta koma sama ba. Ta kwance tsummanta ta ɓara goro ta ci abinta.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Raihana ce.

"Ya Khala, salamat, sannu! Abu Mukhtar yana ƙofarmu, ya ce ba ki da lafiya. Yayana ya ce ba na fita. In zo in duba ki?"

 Mariama ba za ta yi wa yarinyar ƙarya ba, ba kuma za ta kwance wa mijinta zani a kasuwa ba.

"Lafiyata ƙalau, 'yata. Hawa ne ban yi ba. Motar da ban hau ba kuwa, kada ki hau. Ki gaya wa sauran haka, kada ki ƙara komai a kai."

 Raihana ce ta tsince littattafanta a ƙasan mota jiya, ba ta bukatar dogon bayani.

"Fahimt, ya Khala. Na gane. Har yaushe?"

"Ranar da kika gan ni a gaba."

Rana ta fito sosai kafin bas ɗin ta dawo layin, ba kowa a ciki. Hashimu ya kashe ta ya daɗe bai fito ba. Daga baya ta ji yadda aka yi. Gida na farko mijin ya leƙo, ya ga kujera wayam, ya ce Allah ya ba Ummu Mukhtar lafiya, sai ta warke, ya rufe ƙofa. Gida na biyu haka. A na huɗu ko leƙowa ba a yi ba.

Ya wuce ta a matakala bai kalle ta ba. Ta bi shi sama ta rufe ƙofa.

"Kin kunyata ni a gari."

"Wa na gaya wa? Kai ne ma ka ɗora mini ciwon da ba ni da shi."

"Shekara nawa ina tuƙi? Na taɓa kashe ko kaza?"

"Ba ka taɓa ba. Jiya ka nema."

"To a kai ni asibitin! A ɗebi jinin a auna, in dai shi kike so!"

"Su sai an yi karo suke aunawa, Malam. Ni tun ba a tada mota ba nake aunawa, kuma ba na bukatar allura." Ta cire abayar ta rataye. "Ka bar aikin Jidda. Ka kawo abin nan duka, har wanda ke ƙarƙashin shimfiɗar mota. Ka kwanta. Ranar da na ga idon mijina, ba sai ka ce in shigo ba."

"In malaman suka kama wata motar fa?"

"Su kama. Gara su bar mu da ƙafafunsu."

Bai kawo a ranar ba. Ya fita Jidda da yamma yana huci, washegari ya sake tada mota, ta sake zama a matakala. Wannan karon bai je ko'ina ba. Ya zauna a bayan sitiyari injin yana aiki, maƙwabta masu dawowa daga masallaci suna gaishe su suna wucewa da ido. Can ya kashe motar, ya durƙusa ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya zo ya ajiye mata ƙullin leda a cinya. Ta zuba ƙwayoyin a masai ta kora ruwa yana tsaye.

Kwanakin da suka biyo ba su yi daɗi ba. Ya yi barci kamar wanda aka doke, ya tashi ya cinye abin da ke tukunya, ya koma. Da barcin ya sake shi sai baƙin rai ya kama shi. Ya yi faɗa a kan gishiri, ya yi faɗa a kan ƙarar fanka. Wata rana ta same shi zaune a bakin gado yana hawaye, ya ce shi ma bai san dalili ba. Ta raka shi wurin likita a wani ƙaramin asibiti, ta zauna a waje ya shiga ya faɗi gaskiya da bakinsa. Aikin Jidda ya koma hannun wani.

Malaman ba su iya jira duka ba, shugabar makaranta ba ta san wani zaman matakala ba. Fiye da rabinsu suka koma wata bas, ba su dawo ba, Mariama kuma ba ta ga laifinsu ba. Raihana da wasu biyu suka yi ta lallaɓa 'yan'uwansu maza suna kai su, suna bugo waya jefi-jefi. Amsar ba ta canja ba.

Sai wata safiya ta sauko ta same shi yana goge gilashi a hankali. Ya ɗago zai gaishe ta, hamma ta ƙwace masa, doguwa, har da hawaye. Ta dube shi da kyau. Ta zaga ta buɗe ƙofar gaba ta hau, ta kira Raihana ta ce su shirya.

Sun wuce Jumum, rana ta fara dukan gilashi, Hashimu ya rage gudu da kansa. Ya sauka gefen titi inda ƙasa ke da tauri, ya ja birkin hannu.

"Barci nake ji," ya ce, bai kalli kowa ba.

"To yi."

Ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Raihana ta matso ta dafa bayan kujerar Mariama, tana duba agogon hannunta.

"Ya Khala, za mu makara. Mudira, shugabar makaranta, za ta rubuta mu."

"Ta rubuta, alƙalaminta ne."

Mariama ta sauke gilashi kaɗan don iska ta shigo, ta zuba shayi ta miƙa baya. Tankoki suna wucewa suna girgiza motar, Hashimu ya fara minshari. Sai da aka gama darasin farko suka isa makarantar, su duka.